A Daina Yi Wa Luton Dariya

Duk wanda ya saba zama inda ake gardamar ƙwallo ya san abin da sunan Luton Town ya zama bayan watan Mayun 2025. Da an ambace ta sai a kwashe da dariya. Wani ya ce ai leƙa gasar Firimiya ta yi kamar baƙon da ya ɓata hanya, wani ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hujjarsu ba ɓoyayya ba ce: ƙungiyar ta hau Firimiya a 2023, ta faɗo a 2024, ta sake faɗowa a 2025, wato cikin shekara biyu ta sauko mataki biyu. Mu dai ba mu yarda da wannan dariya ba, kuma muna ganin yawancin masu yin ta ba su san daga inda ƙungiyar ta taso ba. Don haka muke roƙon mai karatu ya ba mu aron kunne, ya ji labarin kakar 2022 zuwa 2023 da abin da ya gabace ta, sa'an nan ya yanke hukuncinsa.

Saboda waɗanda ba su saba da tsarin ƙwallon Ingila ba, bari mu ɗan yi shimfiɗa. Gasanninsu a jere suke kamar tsani. A ƙoli akwai Firimiya mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai Championship mai ƙungiyoyi 24, inda kowace ke buga wasa 46 a kaka, daga Agusta har Mayu, cikin sanyi da ruwan sama, sau da yawa wasa biyu a mako. Daga nan sai League One, sai League Two, sa'an nan mataki na biyar wanda a da ake kira Conference. Daga Championship ƙungiyoyi uku ke hawa kowace shekara. Ta ɗaya da ta biyu suna wucewa kai tsaye. A waccan kaka, ta uku zuwa ta shida su ne suka kara a wasannin cike gurbi, aka ƙare da wasa guda a filin Wembley na Landan, wanda masu lissafi suka ƙiyasta cewa cin sa na kawo wa ƙungiya kuɗin shiga fiye da fam miliyan 100.

Luton gari ne da ke arewa da Landan, tafiyar kamar kilomita 50, wanda a da ya yi suna da sana'ar ɗinkin hula, har ana yi wa ƙungiyar laƙabi da masu huluna. An kafa ƙungiyar a 1885, kuma tun 1905 take wasa a filin Kenilworth Road, wanda a 2023 mutum dubu goma da 'yan kai kawai yake ɗauka. Filin a matse yake tsakanin gidajen jama'a, har ƙofar da magoya bayan baƙi ke shiga a tsakiyar jerin gidaje take, mutum ya hau matakala yana hangen bayan gidajen mutane da shanyarsu. Hotunan wannan ƙofa sun zaga duniya, kuma su ne farkon abin da aka riƙe ana yi musu ba'a da shi. Amma Luton ba baƙuwar babban rukuni ba ce. Ta yi shekara goma a ciki daga 1982 zuwa 1992, kuma a 1988 ta doke Arsenal da ci 3 da 2 a Wembley ta ɗauki kofin League Cup. A shekarun nan ne ɗan Nijeriya Emeka Nwajiobi ya yi mata wasa. Rashin sa'arta shi ne ta faɗo a 1992, daidai shekarar da aka soma Firimiya da kuɗin talabijin ɗin da suka sauya fuskar ƙwallon Ingila. Ana shirin zuba tuwo aka fitar da ita daga zauren.

Abin da ya faru daga baya shi ne ginshiƙin duk maganarmu. Waɗanda suka riƙe ƙungiyar a shekarun 2000 sun yi wasa da dukiyarta. A 2007 ta faɗo daga Championship. A kakar da ta biyo bashi ya durƙusar da ita, aka cire mata maki 10, ta faɗa League Two. Wasu 'yan kasuwa magoya bayanta suka haɗa kuɗi suka saye ta a 2008, cikinsu har da Gary Sweet wanda ya zama babban jami'inta, amma tun kafin su buga wasa ko ɗaya hukumomin ƙwallo suka cire musu maki 30: goma saboda kuɗaɗen da tsofaffin shugabanni suka biya dillalan 'yan wasa ba bisa ƙa'ida ba, ashirin saboda yadda aka fita daga matsalar bashin bai cika sharaɗin hukuma ba. A lura da kyau. Waɗanda suka yi ɓarnar sun riga sun kama gabansu, waɗanda suka zo gyara su aka yi wa bulala. Ƙungiyar da ta soma kaka da bashin maki 30 sai ta ci wasa goma kafin ta kai inda sauran suka tashi. A 2009 Luton ta faɗa mataki na biyar, bayan shekara 89 tana cikin rukunoni na sama. Abin mamaki, a watan Afrilun wannan shekarar, ana tsakiyar wannan baƙin ciki, magoya bayanta kusan 40,000 suka bi ta Wembley inda ta doke Scunthorpe da ci 3 da 2 ta ɗauki wani kofi na ƙananan ƙungiyoyi.

Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Shekara biyar Luton ta yi a ƙasa. Sau uku a jere tana kai wa wasannin cike gurbi ana fitar da ita: York City a 2010, AFC Wimbledon a 2011 da bugun fenareti, York City kuma a 2012. Sai a 2014, ƙarƙashin koci John Still, ta fito da maki 101. Ta hau League One a 2018, ta ci gasar a 2019 ta shiga Championship, ta tsira da kyar a ranar ƙarshe ta kakar 2020, ta zo ta 12 a 2021, ta zo ta 6 a 2022 inda Huddersfield ta fitar da ita. Ba wani attajirin mai daga ƙetare da ya zuba mata kuɗi a duk tsawon wannan tafiya. 'Yan wasan da manyan ƙungiyoyi suka sallama take kwasowa, ko ta sayo masu araha daga ƙananan rukunoni, ta gyara su, wani lokaci ta sayar da riba.

Kakar 2022 zuwa 2023 ba ta soma da alamar alheri ba. Wasa huɗu na farko ba ta ci ko ɗaya ba. A watan Oktoba maƙwabciyarta kuma babbar abokiyar gabarta, Watford, ta lallasa ta da ci 4 da nema. A watan Nuwamba kuma kocinta Nathan Jones, wanda shi ya gina yawancin ƙungiyar, ya tattara nasa ya nasa ya tafi Southampton da ke Firimiya, kamar yadda ya taɓa barin ta ya tafi Stoke City a 2019. Ba mu zarge shi ba, kowa ya ga inuwa zai matsa, sai dai Southampton ɗin ta sallame shi a watan Fabrairu, ita ma ta faɗo a ƙarshen kaka.

A nan shugabannin Luton suka yi abin da a ganinmu ya fi kowane sayen ɗan wasa muhimmanci. Suka ɗauko Rob Edwards, mutumin da Watford ta kora a watan Satumba bayan wasan gasa goma kacal. Sai wanda ya san irin gabar da ke tsakanin garuruwan nan biyu zai gane nauyin wannan. Shugaba mai tsoron surutun jama'a ba zai ɗauko korarren abokan gaba ba. Su kuwa suka duba cewa watanni kaɗan kafin nan Edwards ya ci gasar League Two da Forest Green Rovers, suka san cewa korar Watford ba shaida ba ce a kan kowa, domin ƙungiya ce da ta yi suna da canza koci kamar riga. Shi kuma Edwards ya yi hankali, bai zo ya rushe abin da ya tarar don a ce shi ne mai gida ba. Ya bar tsarin 'yan baya uku da masu gudu biyu a gefe, ya bar dogayen 'yan gaban nan biyu, Carlton Morris da Elijah Adebayo, ya ɗan ƙara natsuwa a tsakiya. Wasansa na farko Middlesbrough ta doke shi da ci 2 da 1. Ba wanda ya ɗaga hankalinsa.

A watan Janairu ƙungiyar ta sayar da James Bree ga Southampton, ta karɓo aron Cody Drameh daga Leeds ya maye gurbinsa, ta kuma karɓo aron ɗan Zimbabuwe Marvelous Nakamba daga Aston Villa, inda yake zaune a benci ba a yi da shi. Nakamba ba mai cin ƙwallo ba ne, kuma mai kallon taƙaitaccen wasa a talabijin ba zai ma lura da shi ba. Aikinsa shi ne tsayawa gaban 'yan baya yana ƙwace ƙwallo yana miƙa wa na kusa da shi. Amma tun da ya zo cin Luton ya zama aiki. Ranar 1 ga Afrilu ta rama wa Watford da ci 2 da nema, ta kuma ƙare kakar da wasa 14 a jere ba a doke ta ba. Jimla ta ci wasa 21, ta yi canjaras 17, aka doke ta sau 8, maki 80, matsayi na uku. Ƙwallo 57 kawai ta ci, 20 daga ciki na Morris ne, amma 39 kaɗai aka zura mata, kuma Burnley ce kawai aka ci ƙasa da haka.

Akwai masu cewa wasanta ba daɗin kallo, dogon bugu ne da ƙarfin tuwo da jiran bugun kusurwa. Da gaskiyarsu ta wani fanni, kuma mu ma in don nishaɗi ne mun fi son kallon Burnley ta Vincent Kompany wadda ta ci gasar da maki 101. Amma a tuna da wa take gasa. Ƙungiyar da ta faɗo daga Firimiya ana ci gaba da ba ta miliyoyin fam har shekara biyu ko uku don rage mata raɗaɗin faɗuwa. Burnley da Sheffield United, waɗanda suka zo ta ɗaya da ta biyu, duka suna karɓar wannan kuɗi. Haka Watford da Norwich da West Bromwich Albion, kuma dukansu uku a bayan Luton suka ƙare, ko cike gurbin ba su kai ba. Albashin 'yan wasan Luton kuwa yana cikin mafi ƙanƙanta a rukunin. Mai jaki ba ya tsere da mai doki a fili, sai ya nemi hanyar duwatsu. Filinsu ƙarami, 'yan kallo kamar su taɓa ɗan wasa da hannu, suka mai da wannan makami. Ba mu ga abin kunya a ciki ba.

A wasannin cike gurbi aka haɗa ta da Sunderland, wadda ta zo ta shida da maki 69. A wasan farko, ranar 13 ga Mayu, Adebayo ya soma ci, amma Amad Diallo da Trai Hume suka juya wasan, Sunderland ta ci 2 da 1. Bayan kwana uku aka dawo Kenilworth Road. Rauni ya riga ya cinye dogayen 'yan bayan Sunderland, Luton kuwa ba ta yi kara ba, ta dinga aika ƙwallo ta sama cikin da'irarsu. Gabriel Osho ya ci ta farko bayan bugun kusurwa, kyaftin Tom Lockyer ya ci ta biyu da ka kafin hutun rabin lokaci. Duka biyun 'yan baya ne. Osho da Adebayo, ga mai son sani, iyayensu 'yan Nijeriya ne, kuma daga baya Osho ya saka rigar Super Eagles a 2024.

Bari mu ɗan ratse, domin akwai wata gardama da ke tasowa duk shekara. Ina adalci a ce ƙungiyar da ta tara maki 80 cikin wata tara ta sake karawa da mai 69, rana ɗaya ta iya rushe mata komai? A 2025 haka ta faru ga Sheffield United, wadda ta zo ta uku da maki 90, Sunderland mai 76 ta doke ta a Wembley ta haye. Mun yarda akwai ɗaci a ciki. Sai dai ba don wannan tsari ba, da rabin ƙungiyoyin rukunin sun daina ƙoƙari tun watan Fabrairu, kuma da guraben hawa sun zama gadon masu kuɗin rage raɗaɗi. Kowa ya san doka tun kafin a busa usur na farko. Wanda ba ya son caca sai ya zo na biyu.

Ranar 27 ga Mayu, 2023, mutum fiye da 85,000 suka cika Wembley. Abokiyar karawar ita ce Coventry City ta koci Mark Robins, wadda ita ma ta sha nata wuyar, har sau biyu tana yin hijira daga garinta ta buga wasannin gida a filin aro. Shekara biyar kafin nan su biyun suna League Two tare. Ba a kai minti goma da somawa ba Lockyer ya yanke jiki ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, daga baya likitoci suka ce bugun zuciyarsa ne ya rikice. Ƙungiya ta rasa kyaftin ɗinta kuma jigon bayanta a wasa mafi girma a tarihinta na kusa, 'yan wasa ba su san halin da yake ciki ba, amma suka ci gaba. A minti na 23 Adebayo ya yi wa ɗan bayan Coventry yankan da ya bar shi a tsaye, ya miƙa wa Jordan Clark, ya buga ta shiga. Bayan hutu Coventry ta farfaɗo, Viktor Gyökeres ya ba Gustavo Hamer ya farke a minti na 66. Aka shiga ƙarin lokaci. Gab da tashi matashi Joe Taylor ya zura ƙwallo, rabin filin ya ɗauki sowa, sai na'urar taimaka wa alƙalin wasa ta nuna ƙwallon ta taɓa hannunsa, aka soke.

Aka je bugun fenareti. Mutum goma sha ɗaya suka buga, duka suka ci. Na goma sha biyu, Fankaty Dabo na Coventry, ya ɗaga ta sama da raga. Luton 6, Coventry 5. 'Yan wasa suka ɗaga rigar Lockyer mai lamba 4 lokacin karɓar kofi, shi kuwa yana kwance a asibiti da iyalinsa kewaye da shi suna kallo. Ba za mu wuce ba sai mun ce wani abu game da Dabo, wanda bayan wasan wasu marasa tarbiyya suka bi shi da zagin launin fata a intanet. Mutum biyar na ƙungiyarsa sun riga sun buga, aka nemi na shida, ya fito. Yawancin masu zaginsa ko a filin unguwa ba za su yarda su buga irin wannan bugu ba.

Cikin waɗanda suka yi murna a ranar akwai Pelly Ruddock Mpanzu, wanda ya zo Luton daga West Ham a ƙarshen 2013 tana mataki na biyar, ya bi ta mataki bayan mataki, ya zama ɗan wasa na farko da ya tashi daga can har Firimiya da ƙungiya ɗaya. Shekara tara ke nan tsakanin fitowarsu daga rijiya da isarsu ƙoli.

To, yanzu ga inda masu dariya suke da abin faɗi, kuma ba za mu kauce masa ba. Suna cewa: kun wahala kun hau, aka ba ku kuɗin da ba ku taɓa gani ba, me ya hana ku sayo 'yan wasan da za su riƙe ku? Gaskiya ne Luton ba ta kashe ba. A bazarar da Arsenal ta sayi Declan Rice a kan fam miliyan 100 da ɗoriya, Chelsea ta sayi Moisés Caicedo a kan fiye da haka, duk 'yan wasan da Luton ta ɗauka in an haɗa kuɗinsu bai kai rabin na mutum ɗaya daga cikinsu ba. Ross Barkley, wanda ya fi kowa haskakawa, kyauta ta same shi. Kusan fam miliyan 10 kuma gyaran fili ya cinye don ya cika sharaɗin Firimiya, har sai da aka ɗage wasanta na farko na gida. Masu wannan ra'ayi suna nuna Nottingham Forest, wadda ta hau a 2022, ta sayo 'yan wasa fiye da 20 a bazara ɗaya, ta kuma zauna. Misali ne mai ƙarfi, ko da yake ita ma an cire mata maki 4 a 2024 saboda wuce iyakar kashe kuɗi.

Amma ga kowace Forest akwai gawarwaki a gefen hanya. Portsmouth, wadda Nwankwo Kanu ya ci mata ƙwallon da ta ɗauki kofin FA a 2008, ta biya albashin da ya fi ƙarfinta, bashi ya kayar da ita a 2010, zuwa 2013 tana League Two. Derby County ta zuba dukiya tana neman hawa, Aston Villa ta doke ta a Wembley a 2019, a 2021 ta durƙushe, aka cire mata maki 21, ta faɗa League One, saura ƙiris a rufe ta. Bury kuwa a 2019 korar ta aka yi daga gasar gaba ɗaya, ƙungiyar da ta haura shekara 130. Mutanen da ke riƙe da Luton ba a littafi suka karanta irin wannan ba, a jikinsu suka ji. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya. In shugaba ya ci bashi ya sayo taurari abin bai yi ba, shi zai sayar da hannun jarinsa ya tafi, taurarin su koma wata ƙungiya, a bar mai sayar da tikiti da mai yankan ciyawa da dattijon da ya shekara hamsin yana zuwa filin da ɗansa. Ƙungiyar garin ba ta shugaban ba ce da zai yi caca da ita, amana ce a hannunsa.

Kuma ba a ce ta je Firimiya ta zubar da mutunci ba. Ta doke Everton a gidanta, ta yi 1 da 1 da Liverpool, sai a minti na ƙarshe Arsenal ta ƙwace wasa da ci 4 da 3, ta yi 4 da 4 da Newcastle, ta ci Brighton 4 da nema inda Adebayo ya zura uku. Ta ci ƙwallo 52. Cikin Disamban 2023 zuciyar Lockyer ta tsaya cik a tsakiyar wasa a Bournemouth, ma'aikatan lafiya suka ceto ransa a filin. Da aka sake buga wasan a watan Maris, Luton tana gaba da ci 3 da nema a rabin lokaci, aka doke ta 4 da 3, kuma muna ganin a wannan daren ne ƙarfin gwiwarta ya karye. Rauni ya kwantar da 'yan wasanta da dama, ba kuma wasu a benci da za su maye gurbinsu, wanda shi ne farashin tsimin da ta yi. Ta ƙare ta 18 da maki 26, an zura mata 85. Burnley da Sheffield United, waɗanda suka fi ta maki nesa ba kusa ba a Championship, a ƙarƙashinta suka ƙare, kuma Burnley ta kashe kuɗi ninkin ba ninkin nata.

Inda ba za mu kare su ba shi ne kakar 2024 zuwa 2025. A nan ba su da uzuri. Yanzu su ne masu kuɗin rage raɗaɗi, su ne manyan da ake tsoro. Barkley ya tafi Aston Villa, Osho ya tafi Faransa, Chiedozie Ogbene ya tafi Ipswich, ba a cike gurabensu yadda ya kamata ba, waɗanda suka rage kuwa kamar an zare musu laka. Tsimin da ya zama hikima a 2023 ya zama sanyin jiki a 2024. Aka rabu da Edwards a watan Janairu, Matt Bloomfield ya karɓa, suka yunƙura a makonnin ƙarshe har ya zama abin da ya rage shi ne kada a doke su a wasan ƙarshe. West Bromwich Albion ta ci su 5 da 3. Suka ƙare da maki 49 daidai da Hull City, bambancin ƙwallaye ya jefa su League One. Wannan gazawa ce, kuma shugabannin da muka yaba a sama su ne da alhakinta. In a kan wannan kaka ake musu faɗa, mu ma a sa da mu.

Sai dai faɗuwar 2025 da ta 2009 ba ɗaya ba ne, kuma nan ne muke ganin masu dariya sun kasa bambancewa. A 2009 ƙungiyar ta faɗi da hukuncin maki 30 a wuyanta, bayan bashi ya kusa rufe ta. A 2025 ta faɗi ne don an fi ta wasa, ba a cire mata maki ko ɗaya ba, ba ta kuma shiga hannun masu bin bashi ba. Tun da daɗewa shugabanninta suka bayyana cewa kaso mai yawa na kuɗin Firimiya sabon fili za a gina da shi, abin da garin ya shekara da shekaru yana jira, domin Kenilworth Road ba shi da wurin faɗaɗawa, gidaje sun kewaye shi. A watan Disamban 2024, ana tsakiyar waccan mummunar kaka, majalisar garin ta amince da tsarin ginin a wani wuri da ake kira Power Court, kusa da tashar jirgin ƙasa a tsakiyar Luton, fili mai ɗaukar mutum 25,000, fiye da ninki biyu na tsohon.